Mai Jira da Mai Kutsawa: Gardamar Karta a Wayoyin Samarinmu

Kartar da aka sani a fadojin Madawa, Buza da Keita ita ce bilot: mutum huɗu, biyu-biyu, kati 32, shayi yana kan gawayi, waɗanda aka ci su sha tsiya su tashi wasu su zauna. Poka daban take. Ta waya ta shigo mana, galibi a aljihun samarin da suka dawo daga cirani a Abijan, Legas ko Libiya. Da kuɗi ake buga ta, kuma abokin karawarka ba ka ganin fuskarsa, yana iya zama a Rasha ko a Birazil. Masu yin ta a ƙasar Adar da Gobir Tudu ba su kai masu cacar ƙwallo yawa ba, amma suna nan, kuma sun rabu gida biyu a kan tambaya ɗaya. A teburin ƙananan kuɗi, wa ke da gaskiya: wanda ke lallaɓawa yana bin abin da wasu suka zuba har kati mai kyau ya zo masa, ko wanda ke kutsawa yana ƙara kuɗi yana matsa wa mutane?

Sai an san yadda wasan yake kafin a fahimci gardamar. Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Texas Hold'em. Kati 52 ne. Kowa ana ba shi biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya kowa yana gani, uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai ɗaya. Kafin a shimfiɗa na farko da bayan kowace shimfiɗa ana zuba kuɗi, kuma idan wani ya zuba, zaɓinka uku ne: ka ajiye katinka ka haƙura da abin da ka riga ka sa, ka bi da daidai abin da ya zuba, ko ka ƙara a kai. A kowane hannu, wato kowane rabon kati, mutum biyu suna sa kuɗin dole tun ba su ga kati ba, kuma wannan dolen yana zagayawa kan kowa. A tebur mafi araha kuɗin dolen santi 1 ne da santi 2 na dalar Amurka, mutum kuma yakan zauna da dala 2, wato jika ɗaya da ɗan ɗoriya a kuɗinmu na sefa.

Hujjar masu jira ta farko tana kan halin mutanen da ke irin wannan tebur, kuma hujja ce mai nauyi. Wanda ya zauna da jika ɗaya bai zo don ya ajiye kati ba, ya zo ne ya ga ƙarshen hannu. Ko nawa ka zuba zai bi ka, domin abin da za a ci masa bai kai ya ji zafinsa ba. Burga kuwa ba ta cin wanda ba ya jin tsoro. Ka zuba, ka sake zubawa, ka zuba na uku kana nuna kai ne mai babban kati, shi kuwa yana biye da kai da 'yan tagwayen huɗu, a ƙarshe a buɗe ya kwashe. Saboda haka, in ji su, ka zauna tsit, ka shiga da araha, ka bar masu zafin kai su kawo maka kuɗinsu da kansu.

Suna da wata hujjar da ba za ka same ta a littattafan Turawa ba, domin tamu ce. Rezo a ƙauyukan Buza da Keita ba abin dogaro ba ne, wutar caji ma haka. Shafukan da ake buga poka a kansu suna ba ka 'yan daƙiƙoƙi ka yanke shawara, kuma idan layinka ya yanke lokacin ya ƙare alhali wani ya zuba, ajiye maka katin ake yi. Wanda ya saba tara kuɗi da yawa a tsakiya shi ya fi shan wannan asarar. Sannan akwai maganar zuciya. Mai kutsawa yana hawa da sauka da ƙarfi, kuma idan aka ci shi sau biyu a jere zuciya takan ɗebe shi, ya shiga zuba kuɗi don ramuwa, ya manta da lissafi gaba ɗaya. Mai jira yana ganin ya tsare kansa daga wannan, kuma sau da yawa ya tsare ɗin.

Na ji gardamar da kunnena a wata fada kusa da tashar Madawa, lokacin sanyi, tsakanin wani tela da ya yi shekaru a Abijan da wani matashi ɗan kabu-kabu. Telan ne ke ba da labarin hannun da ya ƙona masa rai. Sarki biyu aka ba shi, kati na biyu a ƙarfi a wasan duka, sai ya bi kawai bai ƙara ba, wai don kada ya kori mutane. Mutum huɗu suka shigo. Tsakiya ta nuna 7, 8 da 2, daga baya 9 ta faɗo, wani mai riƙe da 6 da 10 ya haɗa jere biyar ya share shi tas.

"Yaya, kai ka buɗe mishi ƙofa," in ji matashin. "Da ka ƙara tun farko, mai shida da goma ba ya shigowa."

"Haba ƙanena, zai shigo mana. Waɗannan mutanen ba su san ajiyewa ba."

"To, in dai zai shigo, ya shigo da tsada. Kai ka bar shi ya shigo da kuɗin goro."

Telan ya yi shiru yana juya kofin shayinsa, sannan ya ce shi dai sannu ba ta hana zuwa. Matashin ya ce zomo kuma ba ya kamuwa daga zaune. Aka yi dariya aka koma bilot. Amma wannan jimla ta matashin, ya shigo da tsada, ita ce zuciyar hujjar masu kutsawa, kuma ita ce ta juya hujjar masu jira ta farko a kansu. Idan gaskiya ne mutanen teburin ba sa ajiyewa, to burga ce kawai ta mutu. Ƙarin kuɗi da kati mai kyau ya ƙara riba ne, domin ga wanda zai biya ka duk abin da ka nema.

Lissafin yana bayansu. Kati mafi ƙarfi, as biyu, yana zuwa wa mutum sau ɗaya a cikin hannu 221. Idan ya kara da mutum ɗaya mai kati ko wane iri, yana cin kusan 85 cikin 100. Idan ya bari mutum huɗu suka shigo, rabonsa ya sauko zuwa ɗan sama da rabi. Idan tara ne, bai kai ɗaya cikin uku ba. Ka ga mai jira ya yi zaman hannu ɗari biyu yana biyan kuɗin dole yana dakon wannan kati, ranar da ya zo kuma ya rage masa ƙarfi da hannunsa. Kuma zaman jiran ba kyauta ba ne. A teburin mutum shida, dolen yana zagayo kanka sau biyu a kowane hannu shida, ko ka buga ko ba ka buga ba.

Akwai kuma lissafi na biyu. Wanda ke riƙe da kati biyu mabambanta, sau biyu cikin uku katunan tsakiya uku na farko ba sa haɗa masa tagwaye. Wato yawancin lokaci kai ba ka da komai, shi ma ba shi da komai, kuɗin kuwa yana tsakiya yana jiran wanda zai fara miƙa hannu. A ce akwai 100 a tsakiya, ka zuba 50. Idan abokin karawarka ya ajiye sau ɗaya cikin uku kawai, ka mayar da kuɗinka, duk abin da ya wuce haka riba ce. Mai ƙarawa yana da hanya biyu ta ci: ko a ajiye masa, ko a buɗe katinsa ya fi. Mai bi hanya ɗaya gare shi, sai katinsa ya fi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. John von Neumann, masanin lissafi ɗan asalin Hungari, tare da Oskar Morgenstern, sun nuna a littafinsu na 1944 kan lissafin wasanni cewa burga dole ce a poka, domin wanda aka san ba ya zuba kuɗi sai yana da kati, ranar da ya zuba kowa zai gudu ya bar shi da ɗan abin da ke tsakiya. Doyle Brunson na Texas, wanda ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1976 da 1977, ya gina littafinsa Super/System a kan matsa wa abokan karawa. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, ya sami kujerar wannan gasa ta hanyar wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars, ya fito na ɗaya cikin mutum 839, ya tafi da dala miliyan 2.5. Hannun da aka fi tunawa a wasan ƙarshe burga ce tsagwaronta: ya tura duk abin da ke gabansa ba shi da ko tagwaye, abokin karawarsa Sam Farha ya ajiye katin da ya fi nasa. Labarin nan ne ya ja mutane zuwa wasan ta intanet, har masu shiga gasar suka kai 8,773 a 2006.

Daga baya kwamfuta ta sa baki. A watan Janairu na 2017, a birnin Pittsburgh na Amurka, wata manhaja mai suna Libratus, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown na jami'ar Carnegie Mellon suka gina, ta buga hannu 120,000 da ƙwararru huɗu ta doke su, kuma abin da ya fi rikita su shi ne yadda take zuba kuɗin da ya ninka abin da ke tsakiya. A 2019 ƙanwarta Pluribus ta yi haka a teburin mutum shida. Ita ta koya wa kanta wasan ta hanyar karawa da kanta, kuma a cikin koyon ta watsar da ɗabi'ar shiga hannu da bi kawai, sai a kujerar mai ƙaramin kuɗin dole. Abin da telan nan ya yi da sarakunansa biyu, na'urar da ba ta da zuciya ko tsoro ta gwada shi ta ga ba ya biya.

Duk da haka masu jira ba su tashi hannu banza ba, kuma ina ganin masu kutsawa na fadojinmu suna yawan tsallake wannan wurin. Libratus da ƙwararru ta kara, mutanen da suka san ajiyewa. Moneymaker ma gwani ya yi wa burga. A teburin jika ɗaya, burga mai hawa uku asara ce kamar yadda masu jira suka faɗa. Kuma ƙwararrun da ake kira masu kutsawa, a teburin mutum shida suna ajiye kusan uku cikin kowane hannu huɗu tun kafin a shimfiɗa komai. Haƙurinsu yana wajen zaɓen hannun da za su shiga, zafinsu yana bayan sun shiga. Saurayin da ya ji an ce kutsawa ce ke ci, ya kama ƙara kuɗi da kowane tarkacen kati, ya fi mai jira saurin tsiyacewa. Idan kuma irinsa ne ke gabanka, bin sa a hankali da kati mai kyau ya fi, domin ƙari zai iya farkar da shi. A nan kaɗai nake ganin bi ya fi ƙari a fili.

To, a kan katin kansa, hukuncina yana tare da masu kutsawa, muddin sun iya zaɓe. Sai dai wannan nasarar tasu ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma dalilin yana cikin abu biyu da ba a cika kawowa a fada ba.

Na farko la'ada. Mai shafin ba ya karawa da kowa, yankan rabonsa yake daga kuɗin tsakiya, galibi wajen 5 cikin 100, zuwa wani iyaka. A manyan tebura ana saurin kai wa iyakar, sai la'adar ta zama kaɗan a kan kuɗin da ke yawo. A ƙananan tebura da wuya a kai, don haka talaka ne ke biyan cikakken kason. A ce mutum shida sun zauna da dala 2 kowanne, dala 12 ke nan, kuma kowane tulin da aka yanka santi 40 ne. Santi 2 ke fita duk hannu. Bayan hannu 600 irin wannan an fitar da dala 12 cif, daidai da abin da suka zauna da shi gaba ɗaya. Ko a nan mai bi ya fi cutuwa, domin shafuka da yawa ba sa yanka idan hannu ya ƙare kafin a shimfiɗa katunan tsakiya, shi kuwa kullum sai ya kai tsakiyar. Amma wuƙar tana kan kowa.

Na biyu jari. Wasan kutsawa daidai ne a kan dubban hannaye, a daren yau kuwa komai na iya faruwa. As biyu a kan sarki biyu, an tura komai, yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar. Gwani na gaske yana iya buga hannu 10,000 ba tare da kuskuren kirki ba ya tashi da asara. Shi ya sa masu koyar da wasan suke cewa kada ka zauna a tebur sai kana da ninkin kuɗin zamansa sau talatin ko fiye a ajiye, kuɗin da ba na cefane ba, wanda in ya tafi ba za ka rasa barci ba.

Duk manomin albasa a kwarin Tarka ya san wannan ciwon. A watan Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya cire, motocin Gana da Kwaddibuwa suna lodi a Galmi, Arewa da Tunfafi a farashi mafi ƙasƙanci na shekara. Kowa ya san wanda ya zuba tasa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira bayan damina zai sayar da ninki, ko da wani kaso ya ruɓe. Ba ilimin ne ya gagari ƙaramin manomi ba. Bashin man inji da taki da iri ne a wuyansa, rumbunsa kuma ba gero, sai ya sayar a bakin gona. Dabarar da ta fi riba ta mai abin da zai jure asara ce. Haka saurayin da ya sa jika biyar a shafin karta daga kuɗin da ya kamata ya tura gida. Ya san ya kamata ya ƙara, amma hannunsa ba zai iya ba, domin yana ganin buhun hatsi a cikin kuɗin. Sai ya koma bi, wato salon da lissafi ya riga ya ce shi ne mai faɗuwa. Idan kuma ya daure ya kutsa, dare ɗaya mara kyau ya isa ya gama da shi kafin dubban hannayen nan su zo su ba shi gaskiya.

Wannan kuɗin kuwa mun san inda yake fitowa. Ƙasar Keita da Buza ƙasar cirani ce tun kakanni. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a kan tuddai, domin mazan suna bakin teku suna nema. Har yau gidaje da yawa da abin da ake turowa ta Nita ko Amana suke kai wa ga kaka. Jika ɗaya a teburin da Bature ke kira na wasan yara, a nan abincin gida ne.

Masu kare wasan suna cewa poka gwaninta ce, ba kamar tikitin cacar LONANI ko cacar tseren dokin Faransa ba. A wannan akwai gaskiya, duk abin da na kawo a sama shaida ne cewa iyawa tana aiki. Amma gwanintar ba ta canza inda kuɗin ke fitowa ba: daga aljihun wanda ya fi ka rauni, bisa katin da ba wanda ya san yadda zai faɗo. Malamanmu ba su da saɓani cewa karta da kuɗi caca ce, kuma ayoyin da suka yi magana a kanta, ta 219 a Baƙara da ta 90 da 91 a Ma'ida, kowane almajiri ya san su. Na lura ma cewa duk gardamar jira da kutsawa, idan aka tace ta, gardama ce kan hanyar da ta fi saurin kwashe kuɗin wanda bai iya ba. Wannan ya kamata ya dame mu ko da ba a kawo aya ba.

Ga kuma amanar shafin. A 2007 da 2008 an gano cewa a shafukan Absolute Poker da UltimateBet wasu na ciki suna ganin katunan mutane a rufe suna cin su. A ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafuka uku ga 'yan ƙasarsu, sai ta bayyana cewa ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, ba shi da kuɗin da zai mayar wa masu ajiya. Waɗancan masu ajiyar suna da kotu da lauyoyi, duk da haka wasunsu sun yi shekaru kafin su ga kuɗinsu. Ɗan Bangi ko Tamaske da aka riƙe wa jika ashirin ba shi da ofishin da zai je.

A ƙaddara ma komai ya tafi daidai: saurayi ya koyi zaɓe, ya koyi ƙari, ya daina burgar banza, rezo bai yanke ba, shafin ya biya. Masu wasan suna auna gwaninta da yawan babban kuɗin dole da mutum ke ci a hannu 100, kuma wanda ke cin biyar ana ce masa ya iya. A tebur mafi araha biyar ɗin nan santi 10 ne, abin da bai wuce sefa 60 ba, kuma hannu 100 a tebur ɗaya ya fi awa guda. Mai tura ruwa a kura a cikin Madawa ya fi shi samu nesa ba kusa ba. Saboda haka ba wanda ke tsayawa a nan. Wanda ya ga ya fara ci sai ya hau teburin dala 10, daga nan na 25, kuma duk hawan da ya yi, mutanen nan da ba su san ajiyewa ba suna raguwa. Waɗanda zai tarar a sama sun karanta duk abin da ya karanta, suna bitar hannayensu da manhajojin da suka gaji Libratus, kuma suna da jarin da zai jure musu wata guda na asara.